Malamin kwantiragi da hanyar samun takarda a Magarya da Dungas

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Damagaram ta yi kudu zuwa Magarya, ya karkata Bande, ko Waca, ko Dogo-Dogo, zai ga lakwal a kusan kowane babban ƙauye, wata ta siminti, wata runfar kara. Amma abin tambaya shi ne: wane ne ya koya wa mushen da ke tsaye gaban allo aikin koyarwa?

Asalin maganar yana komawa shekarar 1998, lokacin da gwamnati, saboda ƙarancin kuɗi da yawan yara, ta fara ɗaukar matasa ƴan sa-kai su riƙe aji. Daga baya aka mai da su malaman kwantiragi. Da shirin shekara goma na raya ilimi, wanda ya soma a 2003, adadinsu ya ƙaru har suka fi malaman dindindin yawa. Da dama sun shiga aji da takardar birbe kaɗai, ba su taɓa zama makarantar horon malamai ba. Ba laifinsu ba ne. Kiransu aka yi suka amsa.

A watan Yuli na 2017, Ma'aikatar Ilimin Firamare ta yi musu jarrabawa a duk faɗin ƙasa. Kashi ɗaya cikin uku ne kawai, ko kusa da haka, suka sami rabin maki. Waɗanda suka faɗi ƙasa warwas aka soke kwantiraginsu, na tsakiya aka shirya musu horo. Ƙungiyoyin malamai sun yi ƙorafi ƙwarai, amma sakamakon ya tona abin da iyaye suka daɗe suna gunaguni a kai.

To, wace ƙofa ce ke buɗe ga malamin da ke bakin aiki? Ta farko ita ce taron CAPED, inda malaman ƙauyuka maƙwabta ke haɗuwa, ɗaya ya ba da darasi, sauran su gyara masa. Ta biyu jarrabawar sana'a, wato CEAP da CAP, wadda ta haɗa da rubutu da kuma koyarwa a gaban masu dubawa. Akwai kuma makarantun horon malamai: Askiya Muhammad ta Damagaram, wadda ta yaye tsofaffin malamai masu yawa, da wadda aka buɗe a Magarya, ta rage wa ƴaƴan yankin tafiya.

Wanda ke nufin shugabanci, ya zama mai ba malamai shawara ko sufeto, hanyarsa ta fi tsawo: sai ya ci gasar shiga Babbar Makarantar Malamai ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai. Jami'ar Damagaram, wadda aka kafa a 2010, take ɗauke da sunan André Salifou yanzu, ita ma tana da sashen ilimin tarbiyya, inda ake neman lisans a shekara uku.

Sai dai a nan gizo ke saƙa. Dungas ta zama gunduma mai cin gashin kanta tun 2011, amma jami'a ba ta matso ba. Daraktan lakwal a Guci ko Malawa, wanda sau da yawa shi ma yana riƙe da aji, in ya tafi karatu Damagaram, sai a haɗa yaransa da na wani malami har ya dawo.