Tarihin Afirka Daga Bakin Ƙofar Na'isa

Ya ku malamai da fatake, ku sani Afirka ba jiya ta soma ba. Tun hamada tana da tabkuna da ciyawa mutane ke zaune cikinta. Kwalekwalen da aka gano a Dufuna ta ƙasar Yobe cikin 1987 ya kai shekara 8,000. Bayan haka Fir'aunoni suka mallaki Masar, Habasha ta sauki Sahabbai masu hijira, Mansa Musa ya tafi hajji cikin 1324.

Kano ma ba a bar ta baya ba. An narka tama a Dala tun gabanin Bagauda. Gijimasu ya soma ganuwa, Wangarawa suka zo zamanin Yaji, Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi, ayari na zuwa har Gwanja da Tarabulus. Shehu ya yi jihadi 1804, Turawa suka ci Kano 1903, aka sami mulkin kai 1960.

Cikin 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa hanya, sa'an nan aka gina sabuwa. Ganuwar da ta saura kuwa, masu gini suna ta cinta. In ta ƙare, me za mu nuna wa almajiranmu? Allah Ya sa mu gane, amin.