Hukuncin Ziyartar Gidan Makama, Dutsen Dala da Sauran Wuraren Tarihi

Tambaya

Allah Ya gafarta Malam, ni malamin Islamiyya ne a ƙasar Roni, masarautar Kazaure. Mun shirya kai ɗalibanmu Kano su ga Gidan Makama da Dutsen Dala da ganuwa, in hali ya yi kuma mu kai su rijiyar Kusugu a Daura. Wasu iyaye sun ce ba za su bar 'ya'yansu ba, wai Dala wurin tsafi ne, gidan tarihi kuma ɗakin gumaka ne. Wasu kuma murna suke yi, har wata uwa ta ba ɗanta jarka ya ɗebo mata ruwan Kusugu don neman waraka. Kan iyaye ya rabu, har abin ya fara taɓa zumunci. Mene ne hukuncin wannan tafiya a shari'a?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ziyartar wuraren tarihi da gidajen adana kayan tarihi halal ce idan an yi ta don neman sani da ɗaukar izina. Tana zama haram idan aka je don girmama abin da aka bauta wa koma bayan Allah, ko don neman albarka ko waraka daga dutse ko rijiya ko itace. Saboda haka iyayen da suka hana sun tsananta a inda shari'a ta sassauta, uwar da ta aika da jarka kuma ta kama hanyar da shari'a ta toshe. Ga bayanin dalla-dalla.

Asalin hukuncin

Allah Maɗaukaki Ya yi umarni a wurare da dama cikin Alƙur'ani da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Dubi Suratu Ali Imrana aya ta 137, da Suratul An'am aya ta 11, da Suratur Rum aya ta 42. A Suratu Yunus aya ta 92 kuma Ya bayyana cewa Ya tsirar da gawar Fir'auna ne domin ta zama aya ga na baya. Ashe barin wani abu na kafiran farko domin na baya su gani su wa'aztu ba baƙon abu ba ne a addini.

Adana kayan magabata ma yana da asali. Imamul Bukhari ya ƙulla babi musamman a kan sulken Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sandarsa da takobinsa da ƙwaryar shansa da zobensa. A cikinsa ya kawo cewa Anas, Allah Ya yarda da shi, ya fito wa mutane da takalman Annabi ya nuna musu, Nana A'isha kuma ta fito da mayafin da ya yi wafati a cikinsa. Da adana tsohon kaya da nuna shi laifi ne, da sahabbai ba su yi ba.

Shirka ba ta ɓata ƙasa har abada

Gaskiya ne an yi tsafi a Dala. Littafin Tarihin Kano ya faɗi cewa Barbushe ne babban bokan mutanen wurin, kuma suna bauta wa Tsumburbura, tun kafin zuwan Bagauda, wanda ake lissafa farkon sarautarsa a shekarar 999. Amma labarin bai tsaya nan ba. A zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci, sarki ya karɓa, aka gina masallaci aka tsayar da salla. A zamanin Yakubu (1452 zuwa 1463) Fulani suka zo da littattafan tauhidi da na lugga, suka ƙaru a kan Alƙur'ani da fiƙihu da hadisi da ake da su. Sai Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), wanda ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, ya kafa kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa, kuma a zamaninsa ne Shehu Magili ya zo Kano ya rubuta masa risala a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Yau wanda ya hau Dala, duk inda ya juya hasumiyar masallaci zai gani.

Ƙasar da aka yi shirka a kanta, idan aka kawar da shirkar, ta koma ƙasar Allah kamar kowace ƙasa. Ɗakin Ka'aba kansa an kewaye shi da gumaka 360 har ranar buɗe Makka a shekara ta 8 bayan hijira. Filin da aka gina masallacin Madina a kai akwai kaburburan mushirikai a ciki, aka tone su aka daidaita wurin, kamar yadda ya tabbata a Bukhari da Muslim.

Wuraren da aka keɓe da hukunci na dabam su ne inda azabar Allah ta sauka. Lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bi ta Hijir, gidajen Samudawa, a hanyar Tabuka a shekara ta 9, ya hana sahabbai shiga sai dai suna masu kuka don tsoron kada abin da ya sami waɗancan ya same su, ya rufe kansa ya yi sauri ya wuce, ya kuma sa a zubar da ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyinsu. Dala ba ta cikin wannan babi. Mutanenta ba halaka su aka yi ba, shiriya ce ta zo wa zuriyarsu.

Me ke cikin Gidan Makama?

Gidan Makama gini ne na ƙasa da ake danganta asalinsa ga zamanin Rumfa. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903 sun yi amfani da shi a matsayin ofis, daga baya wani sashe ya zama makaranta, wani sashe kuma gidan tarihi a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Mafi yawan abin da mai ziyara zai gani su ne tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi da na hawa, da kayan sana'o'i irin su saƙa da ƙira, da kayan ɗakin amarya na da, da hotunan sarakuna, da kayan karatun allo da rubuce-rubucen hannu. Kiran irin wannan wuri ɗakin gumaka ba adalci ba ne, kuma Musulmi ba ya yanke hukunci a kan abin da bai bincika ba.

Amma akwai gidajen tarihi da ke da mutum-mutumi, kamar na Jos, inda ake ajiye sassaƙe-sassaƙen Nok. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani a babin walima cewa surar mai rai wadda take da inuwa kuma gaɓoɓinta suka cika haram ne a yi ta, har suka hana tsayawa kallonta. Wadda ta rasa gaɓar da ba a rayuwa sai da ita ta fita daga haramcin, zanen da ba shi da inuwa kuma mafi tsananin hukuncinsa karhanci ne. Wasu malaman zamani sun sassauta ga mai kallo don karatu. Abin da ya fi kuɓutarwa shi ne malami ya wuce da ɗalibansa irin wannan ɗaki ba tare da daɗewa ba, kuma kada a yi salla a cikinsa.

Darasin Dirki

Akwai wata ƙissa a tarihin Kano da ta cancanci kowane ɗalibi ya ji ta. Tun zamanin Sarki Muhammadu Zaki (1582 zuwa 1618) aka sami wani abu da ake kira Dirki. An naɗe shi da fatu, ana yi masa yanka, ana ƙara masa fata a kan fata, mutane suna ganin da shi gari yake tsaye. Da aka zo zamanin Sarki Alwali, wanda ya hau a 1781, manyan gari suka nemi ya ba da shanu arba'in a yanka wa Dirki. Ya ƙi, ya sa samari suka sare shi da gatura. Da aka kai ciki sai ga Alƙur'ani. Da jihadi ya kawar da mulkinsa wajen 1807, sai wasu suka ce alhakin Dirki ne, alhali Allah ne ke ba da mulki ga wanda Ya so, Ya karɓe daga wanda Ya so.

Ka duba wannan al'amari. Littafin da aka saukar don rushe shirka shi ne aka rufe aka mayar abin yi wa yanka, kusan shekara ɗari biyu, a garin da ake salla. Abin da ya jawo haka shi ne an daina buɗe shi ana karantawa, aka koma girmama ƙunshin. Ashe haɗarin yana cikin zuciyar da ba ta da ilimi, ba cikin tsohon kaya ba. Yaron da ya ji wannan ƙissa yana tsaye a gindin ganuwa ya fi wanda aka kulle a gida samun kariya daga camfi.

Ruwan Kusugu

Rijiyar Kusugu tana da matsayi a labarin Bayajidda da asalin Hausa Bakwai, amma babu aya ko hadisi da ya ba ruwanta wata falala. Wanda ya sha don ƙishirwa bai yi laifi ba. Wanda ya ɗeba da ƙudurin cewa yana warkarwa saboda darajar wurin ya riƙi sababin da Allah bai sanya shi sababi ba. Idan kuwa ya ƙudurta cewa rijiyar ko wani iska da ke cikinta ne ke warkarwa da kansa, wannan babbar shirka ce, Allah Ya tsare mu. Ruwan da nassi ya tabbatar da albarkarsa shi ne Zamzam.

Tirmizi ya ruwaito daga Abu Waƙid Allaisi cewa a hanyar Hunaini wasu sababbin shiga Musulunci sun roƙi Annabi ya sanya musu wata bishiya da za su riƙa rataya makamai don neman albarka, irin ta mushirikai da ake kira Zatu Anwaɗ. Ya yi musu inkari mai tsanani, ya kamanta roƙonsu da roƙon Banu Isra'ila ga Annabi Musa na ya sanya musu abin bauta. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa wani mutum ya yi bakancen soke raƙuma a wani wuri mai suna Buwana, Annabi bai ba shi izini ba sai da ya tabbatar ba a taɓa bauta wa gunki ko yin idin jahiliyya a wurin ba. Daga nan ake fahimtar cewa yanka ko bakance ko ɗibar ƙasa a kan Dala bai halatta ba ko kaɗan. Saɓanin da ke tsakanin malamai game da neman tabarruki da salihan bayi wata mas'ala ce dabam, ba ta shafi wurin da asalinsa tsafi ne ba.

A yi wa wannan uwa bayani cikin ladabi da tausasawa, domin jahilci da zafin ciwo ne suka kai ta. A nuna mata addu'o'in da suka tabbata, a kuma taimaka mata ta je asibiti.

Amfanin adana tarihi ga addini

Wani zai ce, to me addini zai ƙaru da shi daga tsohon gini? Misalin Albaniya ya isa amsa. Ƙasa ce a Turai mai rinjayen Musulmi, ta daɗe a ƙarƙashin daular Usmaniyya ta Turkiyya. A 1967 gwamnatin kwaminisanci ta Anwar Hoja ta haramta addini gaba ɗaya, ta rufe masallatai da coci-coci fiye da 2,000, aka rushe wasu, aka mayar da wasu rumbuna. Da yawa daga cikin 'yan kaɗan da suka tsira sun tsira ne saboda an sa su cikin gine-ginen tarihi, kamar tsofaffin masallatan birnin Berat da masallacin kasuwa na birnin Jirokasta, wanda aka gina a 1757. Da aka ɗage haramcin a 1990, a irin waɗannan masallatai jama'a suka koma salla, kuma su ne shaidar da matasa suka gani da ido cewa kakanninsu Musulmi ne.

Mu ma muna da irin wannan amana. Hasumiyar Gobarau a Katsina shaida ce cewa an yi ƙarnoni ana kiran salla da karantarwa a ƙasar Hausa kafin Bature ya zo. Masarautar Kazaure kanta, wadda Ɗantunku ya kafa a 1819, tana da tarihin da yaranmu da yawa ba su sani ba. A gidajen malamai na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura ana samun Alƙur'anai rubutun hannu a cikin gafaka, da littattafan fiƙihu masu sharhin kakanni a gefe, da wasiƙu na ajami. Gara da ɗigar damina suna cinye su, wasu magada kuma suna sayar da su da araha. Wanda yake da irin wannan ya raba shi da danshi, ya ɗauki hotonsa shafi-shafi, ya nuna wa masana. Wannan ya fi kusa da mu fiye da Gidan Makama, kuma mu za a tambaya a kansa.

Sharuɗɗan tafiyar

1. A ƙulla niyyar neman sani da izina. Ba a ɗaura tafiya zuwa wani wuri don neman ladan wurin sai masallatai uku: na Makka da na Madina da na Ƙudus.
2. A tafi da malamin da ya san tarihin kuma ya san tauhidi, ya riƙa bambanta wa yara abin da ya tabbata da abin da yake almara.
3. Ba shafa, ba yanka, ba ɗibar ƙasa ko ruwa don albarka.
4. A kiyaye salla a kan lokacinta.
5. A raba maza da mata, a kiyaye sutura, 'yan matan da suka balaga kuma a kula da hukuncin muharrami a tafiya.
6. A nemi izinin iyaye. Wanda ya ƙi bayan an yi masa bayani kada a tilasta shi, kada kuma a aibata shi, domin tafiyar halal ce ba wajibi ba, zumunci kuwa wajibi ne.

Shawarata ita ce ka tara iyayen kafin ranar tafiya, ka karanta musu wannan bayani, ka gayyaci ɗaya ko biyu daga cikin masu shakka su raka ku su gani da idonsu.

Allah ne Mafi sani.