Shokabzoban Baya: Ɗan Ƙarfen Da Ke Tsare Ƙafar Dabba

Duk wanda ke cin kasuwar Maigatari ran Alhamis ko ta Mai'aduwa ran Lahadi ya san irin lodin da muke yi wa akori-kura, wadda mutanen Maraɗi da Damagaram ke kira bashe. Manyan shanu dai tirela ce tasu, ko kuma a kora su a ƙasa. Amma raguna da awaki da maruƙa, da sa ɗaya ko biyu da aka tsinto a kasuwar ƙauye, da buhunan dusa da harawa da jarkokin ruwa, duk a bayan Hilux ko tsohuwar Peugeot 504 suke tafiya. Muna kula da inji, muna kula da taya, amma akwai wasu ƙarafa biyu a ƙarƙashin bodi da ba mu cika waiwayarsu ba sai sun fara ƙara. Su ne shokabzoba, waɗanda makanikan da suka koyi aiki da Faransanci ke ce wa amortisar.

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka shokabzoba ne ke ɗaukar kaya. Ba haka ba ne. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, wato faifayen ƙarfen nan da aka jera aka ɗaure, waɗanda wasu ke kira lam. Shi sifirin in ya lanƙwashe sai ya miƙe, in ya miƙe sai ya sake lanƙwashewa, haka zai yi ta lilo da mota in ba a tare shi ba. To mai tare shi shi ne shokabzoba. Bututu ne cike da mai, a ciki akwai fistin mai ƙananan huji. Duk motsin da mota ta yi sama ko ƙasa, sai man ya matsu ta cikin hujin nan, ƙarfin lilon ya koma zafi ya fita. Da haka taya ke zama manne da ƙasa, birki ya kama, sitiyari ya ji magana.

To ina ruwan falke da wannan? Ai ruwansa ne tsundum. Buhun gero in ka ajiye shi nan zai zauna. Dabba kuwa kaya ne mai rai, a tsaye take, nauyinta yana sama, kuma tana motsi. Bijimin Azawak da ya ƙoshi yakan haura kilo 400, ita kuwa akori-kura irin tamu abin da aka yi ta ta ɗauka bai wuce kamar tan ɗaya ba. In mota ta faɗa rami ta yi lilo sau uku maimakon sau ɗaya, sau uku ke nan dabba ta nemi inda za ta kafa kofato. Ta zame, ta faɗi, 'yan'uwanta su tattake ta. Ko ba ta karye ba, jini ya kwanta a nama, fata ta kurje, kuma mahauci ba ya rasa gani. A lokacin layya abin ya fi ciwo, don ragon da gurguntarsa ta fito fili ba ya layya. Ragon da aka kiwata wata shida, a ƙarshe a sallama shi a kuɗin nama saboda ƙarfen da bai kai kuɗin ƙafarsa ɗaya ba!

Masu ƙera shokabzoba irin su KYB da Monroe suna ba da shawara a canja shi wajen kilomita 80,000. Wannan lissafin mai bin kwalta ne. Mu da ke bin burji da gargada da rairayi, namu ba ya kai nan. Balle motocin da suka sha hanyoyin daji a shekarun da aka rufe iyaka, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, sun tsufa kafin lokacinsu.

Gane wanda ya mutu ba wuya. Leƙa ƙarƙashi: in ka ga ɗan danshi da ƙura ta manne a saman bututun, wannan ba komai. In kuwa mai ya gangaro har ƙasa, ya gama aiki. Shafa tayar baya da tafin hannu: in ka ji ta ci tudu da kwari, wuri-wuri, alamar tana tsalle a kan hanya ke nan. Ƙwanƙwasa da ake ji a gargada sau da yawa robobin kunnuwansa ne suka cinye. Gwajin nan na danna bayan mota a saki, a ƙaramar mota yake aiki, a akori-kura sifirin ya yi tauri, sai ya ruɗe ka. Wanda ya fi shi a ganinmu shi ne gwajin zafi. Bayan an sha gargada, a tsaya a taɓa kowane bututu a hankali da bayan hannu. Mai aiki zai yi ɗumi, har ma zafi. Wanda ka ji shi sanyi ƙalau, rakiya kawai yake yi.

Wajen saye akwai magana. Ana canja su biyu ne tare, hagu da dama, ko da ɗaya ne ya zubar da mai, don sabo da tsoho ba sa riƙe mota daidai, kuma a kwana da dabba a tsaye nan ne ake jin bambancin. Mai gas ya fi dacewa da doguwar gargada, saboda iskar da aka matsa a ciki tana hana mai yin kumfa in ya yi zafi. Jabu ya cika kasuwa, kwali mai kyau, ciki fanko. Na hannu kuma, ɗan Kwatano, sa'a ce. Amma wanda muke roƙon jama'a su guje masa shi ne wanda aka huda aka ɗura masa baƙin mai aka liƙe. Ran farko zai yi tauri har ka yaba, kasuwa biyu ya koma gidan jiya.

Sai masu ƙara lam. Kusan kowannenmu ya ƙara faifai ɗaya ko biyu don mota ta daina zama. To ku sani, in bayan mota ya ɗaga, tsohon tsawon shokabzoba ba zai isa ba. Mota ba kaya ta hau tudu, sai ya miƙe iyakarsa ya fizgi kunnensa, wata rana ya tsinke ko ya yage mazauninsa a jikin shasi. Ka gaya wa mai shago an ƙara lam, a auna tsawonsa a miƙe da kuma a matse kafin a biya.

Aikin kansa, in notuna ba su yi tsatsa ba, ba ya cin awa ɗaya, kuma direba mai sifana zai iya. A sauke kaya, a tsaya a wuri mai tauri ba rairayi ba, a sa wa tayoyin gaba waigi. Kada kowa ya kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, a tokare shasi da gungume ko ƙarfen tokara. Tun da dare a jiƙa notuna da man kwance tsatsa ko gazuwal. A kwance na ƙasa, sannan na sama. Sabon, in mai mai ne zalla, a tsai da shi tsaye a ja a tura kamar sau huɗu ko biyar don iska ta koma mazauninta. In mai gas ne da ya zo a ɗaure, kada a yanke ɗaurin sai an maƙala sama. Kada a kama sandarsa mai sheƙi da filaya, ƙarzanewa kaɗan ta isa ta yanke robar da ke tsare mai. Wuta ko walda kuwa kada ta kusance shi, yana iya fashewa.

Inda yaran gareji suka fi sakaci shi ne ɗaurin ƙarshe. A sa sababbin robobi, a ɗaura noti sama-sama, a sauke mota ta tsaya bisa tayoyinta, sannan a ƙulle shi tam. In aka ƙulle tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, ba ta daɗewa take tsagewa. Bayan tafiyar farko da kaya a sake bin notunan da sifana, a kuma duba ƙusoshin da suka ɗaure sifirin da aksal tunda an riga an shiga ƙarƙashin. Wanda zai yi aikin ya yi shi tun kasuwar ragunan layya ba ta buɗe ba, don a makonnin nan gareji cika yake, kayan gyara ma tashi suke yi.