Ziyarar Gidan Ɗan Hausa: Abubuwan da Ya Kamata Malami Ya Nuna wa Ɗalibai

Gabatarwa

Gidan Ɗan Hausa, wanda ke Nassarawa a Kano, yana cikin wuraren da makarantu suka fi kai ɗalibai ziyara. Sai dai na lura cewa sau da yawa akan shiga da yara ne a zagaya, a ɗauki hoto, a fito, ba tare da sun san mene ne suka gani ba. A wannan maƙala zan yi bayanin mai gidan, da yadda aka gina shi, da kuma hanyar da nake ganin ziyarar za ta fi amfani.

Wane Ne Ɗan Hausa?

Ɗan Hausa laƙabi ne da aka yi wa Hanns Vischer saboda jin Hausarsa. An haife shi a Basel ta ƙasar Suwizalan a shekarar 1876, ya rasu a 1945. Da farko aikin mishan ya kawo shi ƙasar nan, daga baya ya zama ɗan ƙasar Ingila, ya kama aikin gwamnatin mulkin mallaka a Borno. A shekarar 1906 ya ratso Hamadar Sahara daga Tarabulus zuwa Borno, ya kuma rubuta labarin tafiyar a littafin da aka buga a 1910.

A shekarar 1909, zamanin Sarkin Kano Abbas, shekara 6 bayan Turawa sun ci Kano, ya buɗe makarantar gwamnati a Nassarawa. Akwai ajin malamai, da na 'ya'yan sarakuna, da sashen koyon sana'o'i, kuma da Hausa ake koyarwa. A 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sai a shekarun 1930 suka shigo.

Ya kamata malami ya bayyana wa yara cewa ba Ɗan Hausa ne ya kawo ilimi Kano ba. Ya tarar da makarantun allo da na ilimi, da rubutun Larabci da na ajami, kuma tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) manyan malamai irin su Shehu Magili suke zuwa birnin. Abin da ya kawo shi ne boko, kuma cikin manufofin gwamnatin da yake wa aiki har da samar da ma'aikatan da za su riƙa yi mata lissafin haraji da rubuta wasiƙu. Wannan na cikin dalilan da suka sa iyaye da yawa suka yi ɗari-ɗari da makarantar.

Yadda Ginin Yake

A ganina ginin shi ne babban abin kallo, domin aikin maginan Kano ne da kayan gida. Saboda haka a fara daga waje. A nuna wa yara zankwayen da ke saman bango, da indararo mai fitar da ruwan sama nesa da gini don kada ya zaizaye gindinsa. A sa su lura cewa bangon ya fi kauri daga ƙasa, yana raguwa zuwa sama. Da tubali ake tayar da irin wannan bango, wato curin ƙasa da aka kwaɓa aka busar a rana. Kaurin ne ke hana zafin rana shiga, shi ya sa ɗaki ke da sanyi ko da bazara.

Idan an shiga ciki sai a ɗaga kai a dubi rufi. Azara, wadda ake tsagawa daga giginya, ita ce ƙashin rufin soro, kuma gara ba ta cika cin ta ba. Amma azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazara ta wuce kimanin ƙafa 6. Don haka magina suka yi dabarar bakan gizo: sukan jera azara daga bango biyu, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, ana ɗaurewa ana yaɓewa, har su haɗu a tsakiya. Da haka ake samun faffaɗan ɗaki ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba.

Kiyaye Ginin

Ginin ƙasa ba ya son sakaci. Kafin damina sai an duba rufi, an share indararo, an toshe tsaga. A gargajiyance akan shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufi kuma a yi masa laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina da gashin jima da dafara. Yaɓen siminti a kan bangon ƙasa yakan tsare danshi a ciki, daga baya ya ɓamɓare tare da ƙasar. Abin damuwa shi ne maginan da suka iya wannan aiki suna ta raguwa, kuma mun ga yadda ganuwar Kano ta lalace a wurare da dama. Gini irin wannan idan ya rushe, ko an mayar da shi da bulo, ba shi ba ne.

Shawara ga Malamai da Dattawa

Ina ba da shawarar a sanar da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, wadda gidan ke hannunta, kafin a zo. A ba yara tarihin tun a aji, a raba su rukuni-rukuni, kowa da littafi da fensir don zana zanko ko bakan gizo. A hana su jingina da bango, ko rubutu a jikinsa, ko taɓa kayan tarihi. In da hali a haɗa ziyarar da ta Gidan Makama, domin su kwatanta gidan sarauta na cikin birni da gidan da Bature ya zauna a ciki.

Dattawa kuwa, duk wanda ya san ginin ƙasa, ko ya ji labarin farkon boko daga iyayensa, yana da kyau a gayyace shi ya raka ɗalibai. Abin da ya faɗa kuma a rubuta shi, a ajiye a makaranta, a ba Hukuma kwafi.