Kama Da Wane Ba Ta Wane? Amfilifayar Bawul Da Na'urar Kwaikwayon Amo A Kiɗan Jita

1.0 Gabatarwa

Jitar lantarki ba ta da muryar kanta. Idan aka kaɗa tsirkiyarta ba tare da an jona ta ba, amon da za ta fitar bai kai na gurmi ba. Maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin, wanda aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, shi ke mayar da karkarwarsu ta zama ɗan rarraunan motsin lantarki. Amfilifaya ta ƙarfafa shi, lasifika kuma ta fitar da shi sauti. Ke nan amfilifaya rabin abin kiɗan ce. Wannan muƙala za ta dubi ja-in-jar da ake yi tsakanin makaɗan jita na Amurka da Turai tun ƙarshen shekarun 1990 game da amfilifayar gargajiya mai bawul da kuma na'urar kwamfuta mai kwaikwayon amonta, domin a ga inda bambancin ya gushe da inda ya saura.

2.0 Aibin Da Ya Zama Ado

Bawul, wanda Amurkawa ke kira tiyub, ƙwan gilashi ne da aka zuƙe iskar cikinsa. John Ambrose Fleming ya ƙera na farko a Ingila a 1904, sannan Lee de Forest na Amurka ya inganta shi a 1906 har ya iya ƙarfafa motsin lantarki. Bayan ƙirƙiro tiransisto a 1947, sannu a hankali bawul ya ɓace daga rediyo da talabijin, saboda yana da zafi, yana cin wuta, yana fashewa, kuma yana tsufa. Makaɗan jita kuwa suka ƙi sakin sa.

Dalilin abin mamaki ne. Manufar injiniya ita ce amfilifaya ta ƙara ƙarfin amo ba tare da ta jirkita shi ba. Amma idan aka matsa wa bawul fiye da ƙarfinsa, sai ya fara tanƙwara amon a hankali, yana ƙara masa wasu 'yan muryoyi masu rakiya, har ya fito da wani kaushi mai daɗin ji, kamar muryar mawaƙin da ya buɗe maƙogwaro. Amfilifayoyin tiransisto na farko ba haka suke ba: da sun kai iyakarsu sai su datse amon farat ɗaya, ya fito da tsatsa a kunne. Abin da injiniya ya ɗauka aibi ne, shi makaɗi ya mayar ado.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne kaushin yana bin hannun mai kiɗa. In ya taɓa tsirkiya a hankali, amo ya fito tas; in ya dake ta, ya fito da gurnani, alhali bai murɗa komai a jikin amfilifayar ba. Har ila yau, a tsofaffin ƙirar, idan aka daki tsirkiya da ƙarfi wutar da ke ciyar da bawul takan ɗan yi ƙasa sannan ta farfaɗo, watau amon ya ɗan lotsa kafin ya buɗe. Makaɗa kan ce amfilifayar tana numfashi. Ƙaramin sauyi kuma yakan canza murya: lokacin da Jim Marshall ya fitar da JTM45 a Landan a 1962, tsarin Bassman na kamfanin Fender ya bi kusan sawu da sawu, amma da yake ya sauya bawul ɗin farko ya kuma sa lasifikokin Celestion a rufaffen akwati, sai aka sami wata murya dabam, wadda daga baya ta zama tambarin kiɗan rok na Ingila.

Sai dai wannan daɗi yana da tsada. Twin Reverb ta Fender tana da nauyin kilo 29. Cikin irin waɗannan akwatuna akwai wuta mai ƙarfin bolt 400 ko fiye, wadda za ta iya kashe mai gyara marar lura. Kuma mafi kyan muryar ba ta fitowa sai an ƙure ƙara, abin da maƙwabta ba sa lamunta.

3.0 Yadda Na'ura Ke Kwaikwayo

Na'urar kwaikwayo takan auna motsin lantarkin da ke fitowa daga jita sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, galibi sau 48,000, ta mayar da shi lambobi, ta yi musu lissafin abin da amfilifaya za ta yi musu, sannan ta sake mayar da su amo. Kamfanin Roland na Japan ya fitar da VG-8 a 1995, Line 6 na Amurka ya biyo da AxSys a 1996, amma POD ta 1998, wata jar na'ura mai siffar ƙwayar wake, ita ce ta shiga ɗakunan talakawan makaɗa. Kwaikwayonta bai nuna ba, kuma ita ce ta bar wa irin waɗannan na'urori suna marar daɗi na tsawon shekaru.

Hanyoyi biyu aka bi daga baya. Ta farko ita ce a rubuta lissafin kowane ɓangare na amfilifaya, daga bawul zuwa taransifoma, yadda na'ura za ta maimaita halayyarsu ɗaya bayan ɗaya. Wannan ce hanyar Axe-Fx ta 2006 da Helix ta 2015. Ta biyu, wadda Christoph Kemper na Jamus ya shahara da ita tun 2011, ba ta damu da abin da ke cikin akwatin ba. Na'urar takan tura wasu amo na gwaji cikin amfilifayar gaske, makirfo ya ɗauko abin da ya fito, ita kuma ta daidaita kanta har nata ya yi kama da shi. Quad Cortex ta kamfanin Neural DSP na Finlan ta ɗora a kan wannan hanya da dabarun koyon na'ura.

4.0 Kunnen Mai Sauraro Da Hannun Makaɗi

A nan ne mafi yawan masu gardama ke kuskure, domin abubuwa biyu mabambanta suke gwadawa. Mai sauraron faifai ko wanda ke zaune a babban zauren wasa bai taɓa jin amfilifayar kai tsaye ba. Abin da yake ji shi ne abin da makirfo ya ɗauko daga bakin lasifika, aka gyara, aka watsa. To wannan amon ne na'urar ke kwaikwayo, kuma a kansa na'urorin yau sun kai matsayin da ko ƙwararre yakan sha wuya kafin ya rarrabe. Shi ya sa manyan ƙungiyoyi irin su Metallica suka koma amfani da Axe-Fx a yawon wasanninsu: murya ɗaya kowane dare, babu bawul da zai mutu ana tsakiyar kiɗa, ga sauƙin kuɗin dako. Fender da kanta ta fitar da Twin Reverb ta kwamfuta a 2019, mai nauyin kilo 15.

Makaɗin da ke tsaye gaban akwati mai lasifika huɗu kuwa wani abu dabam yake ji. Iska tana dukan jikinsa, amon yana komawa ya girgiza tsirkiyoyin jitar, su kuma su ƙara tsawon sautin. Idan aka ba shi na'ura aka toshe masa kunne da abin ji, ya ce wani abu ya ɓace, gaskiya ya faɗa. Amma abin da ya ɓace lasifika ce da ɗaki, ba bawul ba. Ana yawan kukan jinkirin da lissafin na'ura ke jawowa, alhali a na'urori masu kyau bai wuce kashi biyu ko uku cikin dubu na daƙiƙa ba, watau daidai da lokacin da sauti ke ɗauka ya yi tafiyar mita ɗaya. Wanda ya ja da baya taki biyu daga amfilifayarsa ya riga ya jawo wa kansa fiye da haka.

Inda na'urar ke da rauni na gaske shi ne tsufa. Bassman ta 1959 tana gyaruwa har yau a hannun duk mai gyaran da ya san aikinsa, kuma darajarta hawa take yi. Na'urar kwamfuta kuwa da zarar sabuwa ta fito sai farashin tsohuwa ya faɗi, in kuma allon cikinta ya ƙone, sau da yawa sai dai a sayi wata. Bugu da ƙari, kusan duk muryoyin da ke cikinta na aro ne daga akwatunan Fender da Marshall da Vox da ire-irensu.

Shi ma bawul ɗin ba a kan tudun mun tsira yake ba. Masana'antun da ke ƙera shi da yawa 'yan ƙalilan ne suka rage, fitattu daga ciki su ne ta birnin Saratov a Rasha da ta JJ Electronic a Sulobakiya. A watan Maris na 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, labarin hana fitar da wasu kayayyaki daga Rasha ya sa makaɗa da masu shaguna suka yi rububin saye, farashi ya tashi, bawul ya yi wuyar samu na wani lokaci. Mai na'urar kwaikwayo bai ji wannan a aljihunsa ba, mai tsohuwar Marshall kuwa sai da ya fara lissafin bawul nawa suka rage masa a ajiye.