Hausar Masu Sharhin Tsofaffin Fina-finai a Intanet: Waiwaye daga Yola da Jimeta

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce jawo hankalin manazarta harshe zuwa ga wani nau'in zance da ya yaɗu bayan kafuwar YouTube a shekarar 2005, wato sharhin da ake yi wa tsofaffin fina-finai ta hanyar bidiyo. Mai sharhi yakan ɗauko fim ɗin da aka daina yayinsa, ya yanko wasu fitowa daga ciki, ya riƙa nunawa yana magana a kai. Yakan taƙaita labarin, ya yaba, ya kushe, wani lokaci ma ya yi ba'a. A Amurka da Turai har tsofaffin wasannin kwamfuta ake yi wa haka, amma a nan fim kaɗai za a duba. Abin da ake son nunawa shi ne, irin wannan sharhi yana tara Hausar zamani biyu, wani lokaci har ta wuri biyu, a zama ɗaya, yadda mai nazari zai iya kwatanta su.

2.0 Wane Fim ne Tsoho?

A bakin matasa, tsohon fim shi ne na zamanin kaset. Ana ƙirga wannan zamani daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, har ya zuwa Sangaya (1999) da Wasila (2000). Sai dai tarihin ya wuce nan, kuma a gabansa akwai hannun Adamawa. Adamu Halilu, wanda aka haifa a Garkiɗa a 1936, shi ne ya shirya fim ɗin Shaihu Umar a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu. An daɗe ana zaton fim ɗin ya salwanta, sai a 2016 aka gano shi, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Idan fim ɗin da gwamnati ta ɗauki nauyinsa ya yi irin wannan ɓatan dabo, ana iya ƙiyasta halin da kaset ɗin 'yan kasuwa yake ciki. Saboda haka guntayen da masu sharhi suke yankowa suna da daraja a wurin mai nazarin harshe.

3.0 Kalmomin Sharhi

Rubutaccen sharhin fim ya riga na bidiyo. Mujallar Tauraruwa ta fara fitowa a Kano a 1998, mujallar Fim kuma a Kaduna a 1999. A jami'o'i kuwa kalmar tarke ce ta zaunu. To amma ba kasafai mai sharhin bidiyo yake cewa tarke yake yi ba. Kalmominsa na 'yan kallo ne, waɗanda suka taso daga gidajen silima da kasuwar kaset. Alal misali:

(1) akta: a Ingilishi kowane ɗan wasa ne, a Hausa kuwa ma'anar ta tsuke zuwa jarumin da labari ya ginu a kansa.
(2) bos: asalinta shugaba a wurin aiki, amma a fim tana nufin babban mugu, abokin gabar akta.
(3) camama: fim ɗin barkwanci mai ƙaramin jari, irin wanda marigayi Rabilu Musa Ibro ya shahara da shi.
(4) wankiya: ɗauko labarin wani fim, musamman na Indiya, a sanya masa rigar Hausa.

Misali na (1) da na (2) aro ne da ya sauya ma'ana, na (4) kuwa ƙira ce daga cikin harshe, kuma hukunci na tafe a cikinta. Duk wanda ya kira fim wankiya ya riga ya gama tarkensa da kalma guda.

4.0 Yola da Jimeta

A nan ne batun ya fi armashi. Yola, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841, gari ne na Fulfulde. Jimeta kuwa cibiyar kasuwanci ce da mulki, inda Fulani da Bata da Bacama da Kilba da Margi da Camba suke cuɗanya, kuma Hausa ce take haɗa su. Akwai waɗanda ita ce harshensu na farko, akwai kuma masu yawa da suka koye ta a matsayin harshe na biyu ko na uku.

Sanannen abu ne cewa Fulfulde tana da ɓ da ɗ da ƴ, amma ba ta da ƙ da ts. Don haka a bakin wasu ƙara takan koma kara, tsoro ya koma soro, alhali kowace daga cikinsu kalma ce mai zaman kanta. Haka nan Fulfulde ba ta rarrabe namiji da mace a wakilin suna, o ne na kowa, sai a ji "Fati ya zo" maimakon "Fati ta zo".

Idan mai irin wannan Hausa ya yi sharhin Sangaya, sai a sami Kananci na 1999 yana fitowa daga bakin 'yan wasa, Hausar Jimeta ta yau kuma daga bakinsa, a kan magana ɗaya, da tazarar daƙiƙu kaɗan. Abin lura musamman shi ne lokacin da yake maimaita furucin ɗan wasa. Shin yana riƙe ƙ da jinsin mace a cikin kwaikwayo, sannan ya sake su idan ya koma bayaninsa? In har haka ne, to ya san ƙa'idar, zaɓi yake yi tsakanin salo biyu. Wannan tambaya ce da ke da wuyar amsawa ta hanyar hira, domin wanda ake yi wa tambayoyi yakan gyara bakinsa da zarar ya ga na'urar ɗaukar magana.

Sharaɗin aikin shi ne a rubuta furucin yadda ya fito, tare da alamun karin sauti da tsawon wasali. Ɗalibin da ya mayar da "Fati ya zo" zuwa Daidaitacciyar Hausa a lokacin juyar da magana zuwa rubutu ya goge ainihin abin da aka aike shi nema. Haka kuma wajibi ne a adana kwafin bidiyon tare da ranar da aka ɗauko shi, domin mai tasha yana iya sauke shi a kowane lokaci.