Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi

Manomi ba ya jiran kaka kafin ya duba gonarsa. In ganyen hatsi ya yi ja, nan da nan zai nemi dalili. Haka ya kamata mu duba ƴaƴanmu.

Kowane gari yana da yaron da ya gagari iyaye. Yana sata, yana faɗa, yana ƙarya, yana gudun lakwal, yana kwana waje. Sai a ce: «Ƙuruciya ce, in ya girma zai bari.» Da yawa suna bari. Amma masana sun gano irin wannan hali yakan share wa giya hanya.

Ga abin da aka gani a Amurka. A birnin Sen Luwis, wata mai bincike, Lee Robins, ta bi sawun mutum 524 da aka kai wani asibitin kula da halin yara tun suna ƙanana. Bayan shekara 30 ta neme su, ta gwada su da wasu mutum 100 tsararrakinsu. Ta bayyana sakamako a 1966. Yaran da aka kai don sata da faɗa da gudun gida, su ne suka fi zama mashaya da suka girma. Waɗanda aka kai don tsoro ko yawan kunya ba su kai su ba. Ta kuma ga halin uba ya fi talauci tasiri: inda uba mashayi ne ko mai rigima, ɗa ya fi shiga haɗari.

Mi ya sa haka? Yaron da bai koyi danne zuciya ba, da wuya ya ƙi abin da abokai suka miƙa masa. In aka kore shi daga lakwal, sai ya koma cikin ire-irensa, ya fara ɗanɗanawa da wuri. Wani bincike na 1997 a Amurka ya nuna wanda ya fara sha kafin shekara 15 ya ninka wanda ya kai 20 wajen sau huɗu a haɗarin zama bawan giya. Ƙarshenta ciwon hanta, hatsarin hanya da mutuwar aure.

Wannan gargaɗi ne, ba hukunci ba ne. Mi za mu yi?

Mu san inda yaro ya wuni, da wa yake yawo. Mu sa masa doka bayyananna, wadda ba ta sakewa kullum. Duka da kora ba su gyara. Suna tura shi titi ne. A haɗa shi da aiki: noman rani, kiwo, ɗinki ko kanikanci. Iyaye su riƙa zantawa da malaminsa. In ya riga ya fara sha, a kai shi wajen likita, ba kunya.

Uba kuma ya duba kansa. Abin da babba ya yi, shi yaro ke kwaikwayo.